Shirun Shafi na Saba'in da Tara

Kun taɓa ƙirga tsawon shiru? Ba shirun ɗakin da babu kowa nake nufi ba, shirun da kan faɗo tsakanin mutum biyu suna kallon juna. Verna Maki ta ƙirga, har ta rubuta da fensir a gefen takarda, kuma a watan Agustan bara ƙirgar nan ta hana ta jin daɗin abinci mako uku cur.

A garinmu na bakin Tafkin Superior babu wanda bai san Verna ba, don duk wanda ya taɓa ciwon kai ya tsaya a gabanta. Shekara talatin da ɗaya ta yi a kantin maganin babban titi, da 'yar wuƙar roba a hannu, tana ture ƙwayoyi biyar-biyar zuwa cikin kwalba. Ta yi ritaya, amma kan bai yi ba. Ta san daga ƙofar gidanta zuwa gidan waya taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne, in ƙanƙara ta rufe hanya ya koma ɗari huɗu da sittin. Ta san yawan dankalin da ke shiga burodin nama guda. In aka buga ƙararrawar coci, ko tana tsakiyar magana sai ta dakata ta ji ko an cika. Shi ya sa Rhoda Tessier, wadda suke gida ɗaya shekara talatin da takwas, take kiran ta Biyar-biyar. Ita kuma tana ce wa Rhoda Direba, don Rhoda ta ja motar 'yan makaranta shekara ashirin da bakwai, kuma Allah ya yi mata irin muryar da ke raba faɗa a kujerar baya ba tare da ta waiwaya ba.

A kan dandali suka haɗu, a shekarar 1987. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gari ta ɗauko wani tsohon wasa, sa'ar mahaifiyar Verna, a kan mata biyu masu shagon ɗinki ɗaya. Shekara ashirin suna zaune tare, gari na ce musu ƙawaye, sai ɗaya ta haɗa akwati za ta koma wurin yayanta a yamma. Shafi tamanin da huɗu ne wasan, kuma kalmar so ba ta fito ko sau ɗaya ba, don a zamanin da aka rubuta shi ba a iya faɗa. Fasto ya karanta ya ce wasa ne a kan ɗinki da haƙuri, ya ba da makullin ɗakin taron da ke ƙarƙashin coci. Kujera arba'in da biyu aka jera. Verna ce mai tafiya, Rhoda ce mai zama, dukansu ba su wuce talatin da kaɗan ba, sai da aka barbaɗa musu hoda a gashi don su yi kama da masu shekara hamsin.

A shafi na saba'in da tara, mai tafiya ta ɗauki akwati ta kai bakin ƙofa, ta juyo. Marubucin bai ba kowa magana ba. Kalma ɗaya ya rubuta: shiru. Bayan shirun sai mai zama ta ce, "To wa zai riƙa zura miki zare a allura?" Duk wasan a kan wannan gaɓar yake tsaye, kuma wanda ya gane ya gane.

Daraktan wancan lokacin, wani tsohon malamin makaranta, ya ce su riƙe shirun zuwa ƙirga bakwai, a hankali, kamar mai saukowa daga bene da kwanon miya mai zafi. Ranar farko Verna ta ƙirga bakwai. Rana ta biyu bakwai. Rana ta uku ta kai huɗu, ta kalli idon Rhoda, lissafin ya zube mata. A iya saninta, wannan ne karo ɗaya tak da ƙirga ta kuɓuce mata a rayuwa. Kafin ƙanƙarar shekarar ta sauka, Rhoda ta kwaso kayanta zuwa ɗan gidan Verna mai shuɗiyar ƙofa. Takardar aure sai bayan shekara ashirin da takwas suka karɓo ta a ofishin gari, amma Verna ba daga nan take fara lissafi ba.

Bakwai ɗin nan ya shige cikin gida ya zauna. In faɗa ya yi zafi a kan wadda ta bar tagar mota a buɗe, ɗaya sai ta ce "bakwai", su tsaya su kalli juna ba magana. Yawanci a biyar Rhoda ke fashewa da dariya. Ba wanda ya san da wannan sai su, kuma ba a taɓa cewa bakwai an ƙi ba.

To bara ƙungiyar ta yanke shawarar sake yin wasan, amma a fili, a kan dandalin katakon da ke wurin shaƙatawa na bakin tafki. Ƙarfe uku na rana, Asabar da Lahadi, mako biyu. Layin kujeru goma sha takwas, kowane layi goma sha biyu. Babu lasifika, don iskar tafki in ta shiga makirufo sai ya yi ta kuka kamar an taka wutsiyar kare. Darakta shi ne Gus Pelkey, mai gyaran injin kwalekwale, kuma hanyarsa ta zaɓen 'yan wasa ɗaya ce: ka hau dandali ka yi magana, shi yana tsaye can gindin farar bishiyar da ke bayan layin ƙarshe. In ya ji ka, ya ɗaga hula. In bai ji ba, ya riƙa matsowa layi-layi.

Rhoda ta buɗe baki hula ta tashi, har wani mai kamun kifi a kan gada ya waiwayo. Gus ya ce ai yanzu ko hoda ba sai an saya ba, Allah ya riga ya barbaɗa.

Verna ta hau. Shekara huɗu kafin nan an yi mata tiyata a maƙogwaro, muryar ta dawo siririya, mai ɗan kaushi, wadda ta isa teburin cin abinci amma ba ta isa fili ba. Ta faɗi maganarta, kuma ba ta manta ko harafi ba. Gus ya fara tahowa. Tana kallon sa yana ƙetare layuka, tana ƙirgawa ba da son ranta ba: goma sha biyu ya wuce kafin ya ɗaga hular, a layi na shida, kuma a hankali ya ɗaga ta, kamar mai gaisuwar mutuwa.

Wadda ta samu gurbin mai tafiya ita ce Celeste Aubin, baƙuwa a garin, shekara hamsin da tara, wadda ta yi aikin karanta labarin yanayi a rediyo har ta yi ritaya. Doguwa ce mai dogon gashi fari sol da gyale ruwan ɗorawa, kuma muryarta ta kai har wurin ajiye motoci. Ita Verna aka ba ta littafi.

Riƙon littafi aiki ne, ba sadaka ba, haka Gus ya yi ta nanatawa har ya fara zama cin fuska. Mai littafi tana zama a kan 'yar kujera bayan shingen furannin da ke hagun dandali, inda 'yan kallo ba sa ganin ta, tana bin kowace magana da yatsa. Doka ɗaya ce a kanta, kuma duk wanda ya taɓa hawa dandali ya san ta: ba ta magana sai an nema. Ɗan wasa in magana ta ɓace masa a wurin gwaji, zai ce "littafi", a ba shi. In bai ce ba, shirun nasa ne, kuma babu abin kunya ga mai littafi kamar ta taka wa ɗan wasa shirun da ya gina da gangan. Verna ta karɓi aikin da gaske. Ta ɗaure fensirinta da jan zaren saƙa a jikin littafin don kada ya ɓata a ciyawa, ta sa wa kowane shafi alama. A gwajin makon farko an ce "littafi" sau hamsin da uku. Na Celeste tara. Na Rhoda babu ko ɗaya, don Rhoda ba ta taɓa neman littafi ba tun da aka haife ta, ko hanya ba ta tambaya in ta ɓata.

Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, a shafi na saba'in da tara, kujerar Verna tana daidai bayan ƙofar da mai tafiya ke tsayawa. Ba ta ganin komai na Celeste sai ƙeya da gyale. Fuskar Rhoda kuwa tana ganin ta gaba ɗaya, a buɗe, tana kallon wata.

Ranar farko ta ƙirga takwas. Ta ce ba komai, sabon hannu ne. Ta rubuta a gefen shafin, ƙanana. Washegari tara. Litinin goma sha ɗaya. Da aka kai goma sha huɗu ta danna fensirin har bakinsa ya karye. Fuskar Rhoda a cikin shirun nan tana yin wani abu da Verna ba ta san ta da shi ba: idon ya buɗe, leɓen ya ɗan motsa, kamar wadda ke son faɗin abin da ya fi ƙarfin bakinta. Da ita, Rhoda ba ta taɓa wuce bakwai ba, sai ranar nan ɗaya.

Gus kuma ya zo ya zuba gishiri a kan ciwon. Ya tara kowa ya ce ya ga wasan nan a birane uku, bai taɓa ganin an riƙe shirun nan haka ba, ya ce tsakanin matan nan biyu akwai wani abu da ba a koyarwa. Kowa ya tafa. Verna ma ta tafa, sau uku.

Daga nan sai ta shiga ƙirgar sauran abubuwa, ita da ba ta da wahalar samun abin ƙirgawa. Sunan Celeste ya fito a teburin abincinsu sau goma sha biyu a zama ɗaya. Rhoda, wadda ke yanke gashinta da almakashin kicin tun zamanin motar makaranta, ta je shagon gyaran gashi. Motar Celeste ta lalace, Rhoda ta kai ta gida sau huɗu, tafiyar minti shida, amma ran Laraba sai da ta yi ashirin da biyar. Celeste ta fara ce mata Ro. Shekara talatin da takwas Verna na kiran sunan nan cikakke, ba ta san ana iya gutsure shi ba.

Da Celeste mugunya ce da abin ya zo da sauƙi. Amma mace ce mai kirki, kuma wannan ya fi komai ƙona rai. Takan kawo wainar 'ya'yan itacen da ta tsinko da kanta, ta yanka wa Verna yanki mafi girma, ta durƙusa gefen 'yar kujerar tana ce mata "uwar ɗakina", tana tambayar yadda aka riƙe akwatin a wancan zamanin, da hannun dama ko na hagu. Verna ta ce na hagu. Na dama ne, amma ta ji daɗin ƙaryar har yamma.

Ran Alhamis ɗin ƙarshe, gwajin da aka sa cikakkun kaya, shirun ya kai goma sha tara. Washegari da safe Verna ta shiga motar Rhoda neman tabaraunta, ta buɗe aljihun gaba, wata ambulan ta faɗo. A bayanta, da rubutun Rhoda mai kama da tafiyar kaguwa, an rubuta maganar nan ta zare da allura, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ta ƙirga. Ashirin da uku. Ta zauna a motar da ƙofa a buɗe, tana tuna cewa a duk zamansu Rhoda ta rubuta mata wasiƙa biyu, ɗaya ma jerin kayan cefane ce da aka ƙara wa layi a ƙasa.

Ta shigo ta tarar da Rhoda tana shafa wa burodi man shanu. Ba ta ce komai a kan ambulan ba. Littafin ta buɗe, ta ajiye shi kusa da kofin kofi, ta juya shi yadda lambobin za su kalli mai su: takwas, tara, goma sha ɗaya, goma sha huɗu, goma sha huɗu, goma sha bakwai, goma sha tara.

Rhoda ta duba, ta ce wannan kuma lissafin me.

"Shirunku ne, ke da mai rediyo," in ji Verna. "Ni bakwai aka ba ni. Ita ga shi har ta kusa ninka ni uku, kuma ba a ma fara wasan ba."

Rhoda ta ajiye wuƙar. Wuyanta ya yi ja, ya hau har kunne. Ta ce ashe zaman da take yi a bayan furanni ba littafi take bi ba, gadi take yi. Verna ta ce da littafin da gadin duk ta iya, ido biyu gare ta. Rhoda ta ce to ta ci gaba, ta ƙirga numfashinta ma ta kai wa Gus. Ta ɗauki makullin mota.

"Bakwai," in ji Verna.

Rhoda ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi, ba ta juyo ba. "Ba yanzu ba, Biyar-biyar," ta ce, ta fita.

Ranar nan Verna ta wanke tagogin gidan duka goma sha ɗaya, ciki da waje.

Asabar ta zo da rana mai kyau da iska mara kyau. Cikin kujera ɗari biyu da goma sha shida, bakwai ne kawai ba kowa, ga kuma waɗanda suka shimfiɗa barguna a ciyawar gaba. Yawancin na bargunan 'yan mata ne da suka zo daga garuruwan jami'a, bibbiyu, kan wannan a kafaɗar waccan, ba mai ɓoye hannu. Verna ta leƙa su ta tsakanin ganye, ta ji kishinsu su ma. A 1987 ita da Rhoda ta ƙofa daban-daban suke fita.

Wasan ya tafi sumul. Iska ta ɗauke hular wani, tsuntsayen tafki suka yi ta surutu a kashi na biyu, muryar Rhoda ta bi ta kansu duka. Verna na bin layi da yatsa, tana juya shafi bayan shafi. Saba'in da bakwai. Saba'in da takwas. Celeste ta ɗauki akwatin da hannun hagu, ta taho har bakin ƙofa, taku uku daga shingen, ta juya wa Verna baya.

Verna ta fara ƙirga. A bakwai ta ji kamar an zare mata wani abu daga aljihu. A goma sha biyu filin ya yi tsit, har na bargunan sun daina taɓa juna. Goma sha biyar. Ta hana kanta kallon fuskar, don ta gaji da ganin ta, sai ta sauke ido ƙasa, ga hannun Rhoda.

Babban yatsan yana murza na kusa da shi, da sauri, a ɓoye cikin naɗin siket.

Verna ta san wannan murzar. Ita Rhoda ke yi in makullin mota ya ɓata kuma ba ta so a sani. Ita ta yi a mararrabar da suka ɓata a hanyar zuwa bikin ƙanwarta, tana rantsuwa ta san inda suke. Verna ta ɗago ta sake duban fuskar: idon da ya buɗe, leɓen da ke motsi ba sauti. Ambulan ɗin ta faɗo mata a rai. Wa ke rubuta maganar soyayya sau ashirin da uku? Ɗan makarantar da hadda ta gagara ne ke yin haka. Mako uku matar nan na tsaye a kan dandali tana lalube, maganar na guje mata, kullum tana ƙara nisa, ita kuwa mai littafin da aka ajiye don wannan ranar tana zaune taku uku daga wurin tana auna soyayya da fensir. Dokar ma ta taimaka mata: ba a nema ba, ba ta bayar ba.

Ashirin da biyu. Celeste ta ɗan motsa kafaɗa, ta rasa yadda za ta yi, don mai tafiya ba ta da magana a wurin, kuma raɗa ba ta tsira a wannan iskar. Muryar Verna ma ba za ta kai ba, in kuma ta matsa mata ta kai, layin gaba za su riga Rhoda ji.

A nan ne abin da Verna ba ta cika son a faɗa ba ya faru. Ta gane a ashirin da biyu, amma ba ta motsa ba sai ashirin da biyar. Ƙirga uku ta zauna tana jin wani daɗi mai ɗaci: ga Direba a gaban mutum ɗari biyu da wani abu, ga doguwar mace mai gyale, kuma maganar ta ƙi fita. Ta sha ukun nan har ƙasa. Sannan kunya ta kama ta.

Ta miƙe a hankali har kanta ya ɗan wuce shingen, daidai saitin kafaɗar Celeste. Ta ɗaga fensirin tsaye da hannun hagu. Da na dama ta kama jan zaren da ke ɗaure da shi, ta kai baki ta lasa bakinsa, ta runtse ido ɗaya, ta yi kamar tana neman kafar allura tana kuskurewa.

Idon Rhoda ya zame daga fuskar Celeste da kamar faɗin tafin hannu. Yatsan ya daina murzawa. A talatin da ɗaya ta buɗe baki, ba da muryar motar makaranta ba, da wata ƙasa da ita wadda duk da haka ta kai farar bishiya, ta tambayi wa zai riƙa zura zaren. 'Yan kallo sun ɗauka da mai akwati take. Wata a kan bargo ta fashe da kuka. Gus, a can baya, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

Bayan an watse, an naɗe kujeru, Verna ta sami Rhoda zaune a bayan motarsu ta ɗaukar kaya, da kayan wasan a jikinta, tana ɓare kyafaffen kifi a kan takarda. Ta matsa mata wuri ba tare da ta ɗago ba. Suka ci tare. Verna ce ta fara, ta ce kalma ɗaya ce, littafi, yara ma na faɗin ta.

Rhoda ta ce ta sani. Ta ce a gida maganar na nan, a mota tana nan, ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗe ta. Sai ta hau dandali ta ɗaga ido ta ga fuskar da ba ita ba, sai wurin ya zama fili fetal. "Kuma ke kike so in tambaya?" ta ce. "An karɓe miki gurbi an ba ki kujerar roba, sannan in juyo in ce ki miƙo min maganar da zan faɗa wa wata? Ban iya ba."

Da wata mace ce, da nan ta tsaya, ta share hawaye, a tafi gida. Verna ba ta iya barin lissafi da saura ba. Ta ce to ta ji, amma gyaran gashin fa? Rhoda ta ce mutum ɗari biyu za su kalle ta, ba za ta fito kamar wadda akuya ta yi wa kitso ba. Minti ashirin da biyar na ran Laraba fa? Ta ce tsayawa ta yi a bakin gada tana rubutu a bayan ambulan kamar sakarya. Verna ta ce saura ɗaya: cikin dogon shirun nan, tsakani da Allah, duka lalube ne, ko akwai na kallo?

Rhoda ta tsame ƙaya daga baki, ta duba ta, ta yar. "Na farko-farkon, kamar uku ko huɗu, kallo ne," ta ce. "Matar na da ido, Biyar-biyar. Tsufa na yi, ban mutu ba."

Verna ta ninke takardar kifin gida huɗu, ta danne ta da kyau. Uku ko huɗu. Ta so a ce mata babu, amma da an ce babu ba za ta yarda ba, wannan kuwa lamba ce da za a iya riƙewa. Har yau tana riƙe da ita, kuma in Celeste ta kawo waina, yanki ɗaya take ci, ba ta ƙari.

Saura wasa uku. A kowanne, da Celeste ta juya baya, Verna na fara ƙirga, a hankali, irin ta mai kwanon miya, sannan ta miƙe ta zura zarenta. Ran Lahadi Gus ya zo bayan shingen ransa a ɓace, ya ce ina dogon shirunsa, wa ya yanke masa shi, jiya ya ga abin da bai taɓa gani ba, yau kuma kamar ana sauri a kama jirgi. Verna ta nuna masa shafin ta ce marubucin shiru ya ce, bai ce a kwana ba. Ya tafi yana gunaguni.

Rhoda ce kawai ta lura da ainihin abin. A hanyar gida ta ce ita ma ta ƙirga yau, kuma sai take ganin kamar zaren ya taso da wuri, bai kai yadda tsohon malamin nan ya koya musu ba.

"Shida ne," in ji Verna, idonta a kan titi. "Bakwai ba na aro ba ne."

Da suka isa, Rhoda ta kashe mota, ba ta buɗe ƙofa ba. Ta juyo ta faɗi kalmar da ta ƙi amsawa ran Juma'a. Wannan karon ba wadda ta yi dariya a biyar.

In kuna ganin bakwai ba wani abu ba ne, ku gwada yau ɗin nan, ba ya cin ko minti. Ku sami wanda kuka daɗe tare har kun daina kallon sa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku dube shi ido cikin ido ba magana, ku ƙirga a zuci, a hankali, kamar mai saukowa da miya mai zafi. Ku lura da lambar da lissafin zai fara kuɓuce muku.